'Yar Ƙofar Tankin Mai

"Sista, ba haƙori na ce ki cire ba. Sassauta hannu."

Na sassauta. Ina durƙushe a gefen motar a kan wani tsohon kwali, sukundireba a hannuna, shi kuwa Baba Mai Agogo yana zaune a kujerar roba da matarsa Inna ta fito masa da ita, ya ɗora kumburarrun ƙafafunsa a kan bokiti kife. Umarni kawai yake bayarwa, sai ka ce babban likita ranar zagaye.

"Juya hagu. Kaɗan. Kin ji ya saki?"

"Na ji."

"Ba ki ji ba, kin dai ce kin ji. Sake."

Na sake. Wannan karon na ji sukurun ya numfasa a ƙarƙashin hannuna, ya fara juyawa ba gardama. Shekara ashirin da biyu ina aikin jinya, na ɗinke kawuna da ƙafafun da ba zan iya ƙirgawa ba, amma ga ni ina gumi a kan sukuru biyu na 'yar ƙofar tankin man wata tsohuwar shuɗiyar mota.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasu, shekara goma sha ɗaya ke nan. In Inna ta yi atishawa ni ke fara ce mata sannu. Baba ya yi shekara arba'in yana gyaran agogo a wani shago da bai fi faɗin kabad ba, sai da hannunsa ya fara rawa ya rufe shi, ya kwaso kayan aikinsa ya jera a teburin ɗakinsa. Daga baya zuciya ta zo da nata. A wancan makon da nake ba ku labari, likita ya riga ya ce a kwantar da shi, kuma ni da ke auna shi kullum da yamma na san abin da ake nufi. Shi ma ya sani. Ba mu taɓa faɗa da baki ba.

Da safen ranar da muka fara kwance ƙofar, Litinin ce, kafin in tafi aiki, na shiga na same shi da takardar likita a hannu.

"Baba, yau za mu tafi. Na yi magana, an ajiye maka gado kusa da taga."

"Zan je," ya ce. "Amma sai na gyara ƙofar nan."

"Wace ƙofa kuma?"

Ya nuna motar ta taga. 'Yar ƙofar da ake buɗewa a zuba mai ce, wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Shekara biyu ke nan tana manne da baƙin salatif, duk unguwa an saba ganinta haka har an daina gani.

Auta ce ta karya ta, 'yarsu ta ƙarshe, lokacin da take koyon tuƙi. Sun sha mai, ta manta ba ta rufe ba, da ta zo shiga gida ƙofar ta goga ginshiƙi, mahaɗinta ya ɓalle. Na ji kukan Auta ta katanga ranar, kamar wadda ta kaɗe mutum. Baba ya ce mata, "Share hawayenki. Kafin motar nan ta zama taki, zan gyara ta da hannuna." Yanzu Auta ta sami aiki a wani gari mai nisa, ranar Asabar za ta zo ta ɗauki motar. An sauya mata taya, an yi juye, an wanke har ƙarƙashin kujeru. Ƙofar nan kaɗai ta rage.

"Baba, a kai wa bakanike mana. Minti goma ne."

"Na aika. Ya ce ba a gyara ta, sai dai a sayi wata ƙofar ɗungurungum. Kuma wadda ya samo fara ce. Shuɗiyar mota da farar ƙofa, kamar mai ido ɗaya?"

"To a ƙara salatif."

Inna ta leƙo daga kicin. "Faɗa masa dai, 'yata. Ni bakina ya gaji. Yarinyar nan ma ta manta da maganar."

"Ita ta manta, ai ba ita ta faɗa ba," in ji shi. "Ni na faɗa."

Sai ya ɗaga hannayensa biyu a gabana. Rawa suke yi kamar ganye. "Kan yana nan, Sista. Ido ma da saura. Hannu ne babu. Ke kuma kina da shi, na ga yadda kike neman jijiya. Ki ara mini zuwa Asabar, ni kuma in bi ki duk inda kika ce."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyar a wurin mai irin ciwonsa ba wasa ba ne. Amma na kuma san abin da gadon asibiti zai iya ba shi da abin da ba zai iya ba. Na kira likita na yi masa bayani, ya ƙara maganin fitar da ruwa, ya ce in numfashi ya sauya in kawo shi ko yana so ko ba ya so. Da haka na zama bakanike.

Da yammar Litinin ɗin, da sukuru na biyu ya fita, ƙofar ta faɗo a tafin hannuna, ba nauyi. Baba ya sa na shimfiɗa farin ƙyallensa a kan tire, wanda ya yi aiki a kansa tun yana shago.

"Abin da ya fara fita, shi ne a dama. Na biye da shi a gefensa. In za a mayar, sai a faro daga hagu. Wanda ya bi wannan ba ya rasa hanya."

Ya karɓi ƙofar, ya maƙala gilashinsa mai ido ɗaya, ya daɗe yana dubawa. Mahaɗin kunnuwa uku ne, biyu a jikin ƙofar, ɗaya a gindin da ake ɗaurewa a mota, da siririn ƙarfe da ya ratsa su duka, a kansa ƙofar ke juyawa. Ƙarfen ne ya karye, rabinsa ya yi tsatsa ya maƙale a ciki.

"Kunnuwan lafiya lau," ya ce, fuskarsa ta washe. "Kin ga? Wai ba a gyara ta. Rago dai ba ya rasa fatawa."

Muna cikin haka numfashinsa ya fara yin sama-sama. Na ce ya isa na yau. Inna ta kama shi, suka nufi ciki a hankali, ya waiwayo daga baranda.

"Ki kife kofin gilashi a kansu, kada iska ta taɓa."

Na tsaya gyara wurin. Sukuru biyu masu kyau, na kife musu kofi. Ga guntayen salatif, ga karyayyen ƙarfe, ga wani ɗan lanƙwasasshen abu mai tsatsa da ya faɗo tare da su. A wurin aikinmu, abin da aka yi amfani da shi, mai tsini ne ko mai datti, ba ya kwana a kan tire. Hannuna ya san wannan fiye da kaina. Na tattara su a takarda, na nannaɗe, na jefa a kwandon shara, har ina yaba wa kaina tsafta.

Ranar Talata muka fitar da guntun da ya maƙale. Ɗigon mai, jira, ɗan bugu da ƙaramar gudumar da ba ta fi cokalin shayi ba, sannan a sake jira. Ni ba ni da haƙuri, duk wanda ya yi aiki da ni zai shaida. Sau biyu ina ɗaga gudumar da niyyar gamawa da shi.

"Haka kike wa marasa lafiya?"

"Su ai suna faɗin inda ke musu ciwo."

"Shi ma yana faɗa. Ke ce kike surutu."

A bugu na wajen ashirin guntun ya zame ya faɗo a kan ƙyalle. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Saura sabon ƙarfe. Ya ce in shiga bayan ƙofar ɗakinsu in ɗauko tsohuwar laima. Ina fitowa da ita Inna ta tare ni.

"Laimata ce fa!"

"Wadda ta shekara biyar ba ta buɗuwa?" in ji Baba.

"To wa ya ce zai gyara ta, shekara biyar?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan ban ce da hannuna ba."

"Ji shi! Ɗauki, 'yata, ku cinye ta. Dama ni a gidan nan sai abin da ya rage."

Tana faɗa tana murmushi, ita ce ma ta riƙe mini laimar na yanke ɗaya daga cikin ƙarafunanta da filaya. Kaurinsa ya ɗan fi ramin. Na zauna da magagari ina gogawa, ina juyawa, ina gwadawa, shi yana kallo ta gilashi yana cewa saura kaɗan. "Saura kaɗan" ɗin Baba ya ci awa ɗaya da rabi. Amma da ƙarfen ya shiga, ya ratsa kunnuwan uku sumul, ba matsi ba sako-sako, sai na ji wani daɗi da na daɗe ban ji irinsa ba. Na juya ƙofar a hannuna, ta tafi ta dawo kamar fiffike.

A ranar ne ya nuna mini alamarsa. Ya sa Inna ta kawo agogon hannunta, ya ce in buɗe murfin baya, ya ba ni gilashinsa. A can gefe, inda ido ba ya kaiwa, an zana ɗan da'ira da hannaye biyu a ciki, da kwanan wata a ƙasa. Guda huɗu na gani a jere, na farkon ya girmi Auta.

"Kowane mai gyara yana da tasa. Duk agogon da ya fita daga hannuna yana ɗauke da ita. In wani ya buɗe bayan shekara talatin, zai san wanda ya wuce ta nan."

"Wannan ƙofar ma za ka sa mata?"

"In ta gamu. Ban taɓa sa wa aikin da bai ƙare ba, ko sau ɗaya. Sai na gwada, na ji da kunnena, sannan in sa hannu."

Ranar Laraba na dawo aiki da murna, ina ganin yau za mu gama, gobe in tafi da shi. Ya ɗaga kofin gilashin, ya duba, ya ɗaga gefen ƙyallen, ya sake dubawa.

"Ina sifirin?"

"Wane sifirin?"

"Ɗan lanƙwasasshen ƙarfe, kamar farce. Shi ke turo ƙofar in an danna, shi ke riƙe ta in an rufe. Shi ne na uku daga dama."

Na juya na kalli bakin ƙofar gida. Kwandon yana nan, wayam, an ma ɗauraye shi. Masu kwasar shara Laraba da safe suke zuwa.

"Baba, na zubar. Na ɗauka datti ne. Ya yi tsatsa."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya dai kalli ƙyallen, wurin da abin ya kamata ya kasance, yana numfashi da ƙyar. Ni da na ƙirga masa kwanaki, ni ce na ɓatar masa da guda. Hawaye ya cika mini ido, ni da ba na kuka a gaban mara lafiya.

"Ni ma na yi tsatsa, Sista," ya ce a hankali. "Allah ya sa ba Laraba za ki kai ni ba."

Inna ta fashe da dariya, ta dafa bango. Ni ma dariyar ta ƙwace mini tare da hawayen.

"Sabo turken wawa," na ce. "Ka yafe mini."

"Ke aikinki ya koya miki zubarwa, ni nawa ya koya mini ajiyewa. Shiga ƙarƙashin gado, akwai gwangwanin madara babba. Jawo shi."

Gwangwanin cike yake da sifirin na agogo, nannaɗaɗɗu, manya da ƙanana, na shekara arba'in. Inna ta ce sau uku tana yunƙurin zubar da shi, sau uku ana kwana biyu ba a yi mata magana ba. Ya zuba su a tire, ya dinga tonawa da yatsa mai rawa, yana gaishe su kamar tsofaffin abokai. Wannan na agogon bangon wata makaranta ne. Wannan na wani direban jirgin ƙasa ne da ba ya yarda agogonsa ya yi saurin minti ɗaya. A ƙarshe ya ɗaga wani mai faɗin farcen ƙaramin yatsa.

"Na agogo mai ƙararrawa. Ya tashi wani mutum aiki shekara ashirin. Zai iya buɗe ƙofa."

Ƙarfinsa ya ƙare a nan, aikin ya kwana.

Ranar Alhamis bai iya fitowa ba, a teburin ɗakinsa muka yi. Na auna shi tukuna, abin da na gani bai yi mini daɗi ba, na kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "Kunna kyandir." Na kunna. Na yanko guntun sifirin, na kama shi da matsefata, na kai bakinsa kan harshen wuta.

"Ki kalli launi. In ya yi shuɗi, ki janye. In ya wuce haka ya mutu, ba zai ƙara turawa ba."

Na farko ya wuce. Na biyu na lanƙwasa da ƙarfi ya karye, guntun ya yi tsalle ya faɗa kofin shayin Inna. A na uku sai ya miƙo hannunsa ya ɗora a bayan nawa. Rawar hannunsa tana shiga nawa, amma a ƙarƙashinta akwai wani sani da ke gaya wa yatsuna inda za su tsaya. Muka lanƙwasa tare, kaɗan, muka ƙara kaɗan. Ya karɓa, ya danna shi a kan tebur, ya saki. Ɗan ƙarfen ya miƙe ya koma yadda yake.

"Shekara uku," ya ce, "rabon da in yi aiki."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Inna ta tsaya a bakin ƙofa da tsumma a hannu tana kallonsa.

"Da ba ki zubar ba, da ban yi ba," ya ƙara. "Amma kada ki sake."

Na so in ɗauki ƙofar in je in ɗaura a take, ya hana. Ya ce rana ta yi ƙasa, ba a haɗa aiki da guntun haske. In bar masa ita a tebur, gobe da safe.

Juma'a ba ni da aiki. Ƙarfe takwas na shiga na same shi a kishingiɗe, an tara masa filo uku. Ko zama bai iya yi sosai. Na ce Baba yau kam sai asibiti. Ya ce alƙawarinmu Asabar ne, kuma shi bai ga Asabar ba tukuna. Ya sa Inna ta buɗe tagar da ke kallon inda motar take, ta ɗaure labule.

"Je ki ɗaura. Daga hagu za ki faro. Ina ji daga nan."

Na fita da tire. Sifirin a mazauninsa, gindin a jikin mota, sukuru na biyu, sannan na farko. Na goge hannuna a jikin zane, na tura ƙofar. Ta rufu da wani sauti, dum.

"A'a," muryarsa ta fito ta taga, siririya. "Sifirin ya juya baya. Fito da shi."

Ban san yadda ya sani ba, amma haka ne. Na kwance, na juya shi, na mayar. Na tura. Ta rufu, amma da ɗan gurzawa.

"Sukurun sama ya fi na ƙasa matsewa. Sassauta shi kwata, ki ɗaga ta kaɗan, ki ɗaure."

Mai kantin da ke kallon gidan ya bar kantinsa ya tsallako yana kallo. Wata maƙwabciya mai shanya ta tsaya da riga a hannu. Ban kula su ba. Na sassauta kwata, na ɗaga, na ɗaure. Na sa yatsa biyu na tura a hankali.

Ƙyas.

Shiru daga taga. Har na yunƙura zan ruga ciki.

"Sake."

Na danna, ta buɗe da kanta. Na tura. Ƙyas.

"Sake."

Ƙyas.

"Yauwa," in ji Baba.

Mai kanti ya yi tafi shi kaɗai, ya ji kunya, ya koma kantinsa. Na ɗauki tsumma da ɗan kananzir na goge sawun salatif na shekara biyu, shuɗin da ke ƙarƙashi ya fito ya fi na sauran motar sabunta. Da na koma ciki na ɗauko allurar da yake zana alama da ita daga cikin kayan aikinsa.

"Saura sa hannu. In kawo maka ƙofar, ko in kama ka mu fita?"

Ya lumshe ido. "Bar wannan, Sista. Kada ki damu da alama."

Na mayar da allurar. Abin ya tsaya mini a rai, aikinsa na ƙarshe ya tafi ba shaida, amma na ga ko kofi ba ya iya riƙewa, sai na bar maganar.

Auta ta iso Asabar da hantsi. Ta shiga ta ga yadda uban ya koma, ta fito baranda ta yi kukanta, ta wanke fuska ta koma. Ya ce ta je ta buɗe tankin mai. Ta kalle ni ko zafin ciwo ne, na ce je ki dai. Ta taga muka ji: ƙyas. Ta dawo da gudu kamar 'yar shekara goma.

"Baba! Wai har yanzu kana tuna wannan? Ni wallahi na manta."

"Na san kin manta. In kin sha mai, ki rufe kafin ki ja."

"Sai ka tuna mini har yau?"

"Har gobe ma."

Sannan ya juyo gare ni. "To, Sista. Asabar ta yi. Ina gadon naki mai taga?"

A motar muka kai shi, Auta ke tuƙi, yana gaba an kwantar masa da kujera, yana gaya mata ta rage gudu alhali keke ma wuce mu yake. Kwana uku ya yi. Bai wahala sosai ba, na tsaya a kan wannan da duk abin da na sani. Ma'aikatan ɗakin suka saba da shi nan da nan, don duk wadda ta zo auna shi sai ya kama hannunta ya kai agogonta kunne. Ya gaya wa ɗaya nata yana jinkirin minti biyu, ta duba waya, haka ne. Ranar Talata da safe, Inna tana ba shi ruwa a cokali, ya ce ya isa, ya gode. Ya juya fuska wajen taga. Ina tsaye a ƙafar gadon na ga lokacin, na duba agogona don in rubuta, kamar yadda na yi wa ɗaruruwa. Amma ranar na yi kuka sosai.

Bayan mako guda baƙi suka watse, Auta ta shirya komawa. An loda kayanta a but, Inna tana ɗaki ba ta son ganin tafiyar. Na shiga na roƙe ta allurar Baba da gilashinsa.

"Akwai abin da ya rage," na ce wa Auta. "Bai samu ya sa alamarsa ba. Na ga yadda take, zan gwada. Ba za ta yi kyau kamar tasa ba, amma kada motar ta tafi haka."

Na durƙusa a kan kwalin nan, na danna ƙofar ta buɗe. Na maƙala gilashin a ido, ina neman wuri a can gefe, ƙarƙashin leɓen ƙarfen, inda na san shi zai zaɓa.

An riga ni.

Da'irar ba ta haɗu daidai ba, layin ya yi ta karkata, wani wurin an bi shi sau biyu. Amma ga hannayen agogon nan biyu. A ƙasa ga kwanan wata, na ƙirga da yatsa: Alhamis. Ranar da ƙofar ta kwana a teburinsa, ba a ɗaura ba, ba a gwada ba, ba wanda ya ji ƙararta. A gefen da'irar kuma, dab da ita, ya zana wani abu siriri mai ɗan kai, da tsini a gaba. Allurar asibiti ce.

"Anti, mene ne?" in ji Auta.

Na cire gilashin na miƙa mata, na nuna wurin da farce. Ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta mayar mini, ta riƙe hannuna da allurar a ciki.

Sannan ta sa yatsa biyu ta tura ƙofar a hankali. Ƙyas.

Labulen tagar ya motsa. Inna ce a tsaye a wurin, da farin ƙyallen a hannunta, tana ninke shi gida huɗu.